Ma'aikatar waldar da ta haɗa mana babban bututun ruwa a Damagaram: abin da na gani a wata huɗu

Wata huɗu na yi ina sa ido a kan aikin shimfiɗa wani babban bututun ruwa na ƙarfe a bayan garin Damagaram, a madadin masu aikin, kuma tun da aka kammala abokan sana'a suke tambayata ko ma'aikatar waldar da muka ɗauka ta cancanci a sake danƙa mata irin wannan aiki. Zan ba da amsa dalla-dalla ba tare da kama sunanta ba, domin a cikin bayanin akwai yabo akwai kuma suka, kuma abin da ya fi damuna shi ne mai shirin ba da kwangila ya san abin da zai duba kafin ya sa hannu.

Bututun mai faɗin milimita 600 ne, kaurin ƙarfensa milimita 8, an yaɓe cikinsa da siminti tun daga masana'anta, kowane guda kuma tsawonsa mita 12. Nisan layin bai kai kilomita biyu ba, amma mahaɗun da za a yi wa walda sun haura 150 idan aka haɗa da na kwana da na wuraren bawul, kuma kowace mahaɗa zagayenta ya kusa mita biyu. An zaɓi ƙarfe ne saboda wani sashe na layin yana bi ta kan dutse inda ba a iya haƙa rami mai zurfi, ga kuma matsin ruwa mai yawa kusa da injin tura ruwa. Da a ƙasa mai laushi ne, da bututun roba mai kauri wanda ake narka bakinsa a haɗa, ko bututun zubi mai zoben roba wanda ba ya bukatar walda ko kaɗan, ya wadatar.

Wanda ba ɗan Damagaram ba zai iya ganin na cika tsanani a kan mahaɗa guda. Garinmu yana zaune ne a kan dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi masa ƙaranci, har ƙarancin ruwan yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mayar da babban birnin ƙasa Yamai a 1926. Ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga Ganaram, ta cikin bututu mai tafiyar kilomita da dama. Idan mahaɗa ɗaya ta tsage a daji, sai a tsayar da injin, a zubar da ruwan layi, a tono, a gyara, kuma duk kwanakin da hakan zai ɗauka matan Birni da Garin Malam da Kara-Kara ne za su yi su a layin famfo, ƴan ga-ruwa kuma su ƙara kuɗin jarka. Da wannan tunanin nake duban kowace walda.

Ma'aikatu uku ne suka nemi aikin, kuma kowacce da hanyar da ta kawo. Ta farko ta zo da injin mai waya da iskar gas, wanda ake kira MAG, inda wayar ke fitowa da kanta daga bakin bindigar walda, gas kuma yana lulluɓe narkakken ƙarfen don kada iskar waje ta taɓa shi. Ta biyu ta ce za ta yi shimfiɗar farko da TIG, wato walda da tsinken ƙarfe wanda ba ya narkewa, ita ma a ƙarƙashin gas, ta cika sauran da sanda. Ta uku, wadda a ƙarshe muka ɗauka, ta ce da sandar walda za ta yi komai tun daga farko har ƙarshe, wato abin da masu sana'ar a nan suke kira bageti. A takarda, ta farkon ce ta fi burgewa, domin ta yi alkawarin gamawa da wuri, kuma gaskiya ne cewa a cikin rumfa babu yadda mai sanda zai kamo mai waya a sauri, tun da shi mai sanda dole ne ya tsaya ya sauya sanda ya kuma kankare kashin walda bayan kowace shimfiɗa.

Na nemi kowacce ta yi gwaji a filin aikin kansa, a tsakiyar watan Disamba, lokacin da iskar hunturu take kaɗawa da ƙura tun daga hantsi. A nan ne bambancin ya fito. Ƙa'idojin walda na Amurka sun hana yin walda mai gas a inda gudun iska ya wuce kimanin kilomita 8 a awa sai an kafa kariya, kuma duk wanda ya san hunturun Damagaram ya san iskar tana wuce haka nesa ba kusa ba. Masu MAG sun kafa tamfol, amma iska ta riƙa shiga ta cikin bututun kansa tana fitowa ta bakin mahaɗa, ta kore gas ɗin, sai waldar ta fito da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Ana iya magance wannan da tanti mai kyau da toshe bakin bututu, sai dai a ɗaga tanti a sake kafawa sau 150 a kan dutse ya cinye saurin da aka yi alkawari. Ga kuma tulun gas da sai an kawo daga Kano ko daga Yamai mai nisan kusan kilomita 900, ga na'urar tura waya wadda ƙura ke saurin toshewa, kuma idan ta lalace ba lalle ne a sami kayan gyaranta a kasuwar Dole ba. Waldar TIG ta fi kowacce tsabta, amma ita ma gas ne garkuwarta, kuma jinkirinta ya yi yawa ga bututun ruwa mai wannan girma.

Akwai hanyoyi biyu da ban gwada ba amma ya kamata mai karatu ya san da su. Walda ta ƙarƙashin hoda, wadda ake binne wutar a cikin garin magani, ita ce aka yi ɗinkin jikin bututun da ita a masana'anta, kuma ba ta yiwuwa a rami domin hodar tana zubewa idan ba a kwance ake aikin ba. Ɗayar kuma waya ce mai hoda a cikinta wadda ba ta bukatar tulun gas, tana jure iska, ta kuma fi sanda sauri. Da layin ya kai kilomita ashirin ko talatin, da ita zan fara nema, ko da kuwa sai an kawo ma'aikata daga waje. A wannan aiki babu wanda ya kawo ta cikin ukun.

Maigidan ma'aikatar da muka ɗauka dattijo ne wanda ya haura shekara sittin, kuma biyu daga cikin manyan masu waldarsa sun koyi aikin bututu a lokacin da aka shimfiɗa layin ɗanyen mai daga Agadem zuwa matatar da aka buɗe a arewacin Damagaram a 2011. Wannan horon ya bayyana a hannunsu. Na tambaye shi a ranar gwaji: "Baba, me ya sa ba ku sayi injin mai waya ba, alhali kuna da halin saye?" Sai ya ce: "Injiniya, ina da shi a shago, da shi muke yin tankuna da ƙofofi. Amma a daji abin da nake ɗauka shi ne wanda idan ya tsaya yarona zai iya tayar da shi kafin azahar." Na daɗe ina tuna wannan amsa, domin ta taɓa ainihin abin da ake aunawa wajen zaɓen hanyar walda a wuri irin namu.

Tsarin da suka bi shi ne wanda aka sani a aikin bututu. Sukan gurza bakin kowane bututu ya kwanta da kimanin digiri 30, ta yadda idan baki biyu suka haɗu sai su ba da kwari mai digiri 60, su bar tazarar milimita biyu zuwa uku a tsakani, su ɗaure da maɗauri na waje har bakunan su daidaita. Shimfiɗar farko, wadda ita ce tushen mahaɗa, da sanda E6010 suke yin ta, daga sama zuwa ƙasa. Wannan sanda tana da wuta mai ratsawa, tana huda ƙarfe har ciki, hayaƙin da rigarta ke fitarwa kuma yana kare narkakken ƙarfen ko da ana iska, sai dai ba ta aiki da kyau sai da wutar da ba ta juyawa, shi ya sa suka zo da injinan walda masu aiki da gazuwal maimakon ƙananan na shago. Da zarar sun gama tushen sai su gurza, su bi da shimfiɗa ta biyu cikin ƴan mintuna tun ƙarfen bai huce ba, sannan su cika su rufe da sanda E7018 daga ƙasa zuwa sama.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda mutum biyu suke kama mahaɗa ɗaya a lokaci guda, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, a shimfiɗar tushe su faro daga sama su haɗu a ƙasa. Amfanin haka ya wuce sauri, domin zafin yana rabuwa daidai a ɓangarorin biyu, bututun ba ya janyewa gefe guda. Ƙasan mahaɗa, inda mai walda yake kwance a rami wuta tana zubo masa, nan ne ake gane gwani, kuma nan ne yawancin yoyo yake farawa. Sun nace a faɗaɗa ramin a ƙarƙashin kowace mahaɗa har mutum ya iya kwanciya ya motsa hannunsa, kuma sun sha jayayya da masu haƙa a kan haka, musamman a wuraren dutse. Na goyi bayansu duk lokacin da maganar ta zo gabana, ko da yake hakan ya ƙara mana kwanaki.

Sun kuma san abin da rana take yi wa ƙarfe. Bututu mai tsawon mita 100, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30 tsakanin asuba da la'asar, yana miƙewa da kusan santimita uku da rabi, sannan ya koma da dare. Idan aka rufe mahaɗar ƙarshe tsakanin dogayen sassa biyu da tsakar rana, sanyin dare zai ja ta ta ɓangarori biyu, kuma zai ci gaba da ja bayan an binne an saki ruwa mai sanyi. Ban gaya musu ba, da kansu suka ware waɗannan mahaɗu suka bar su sai bayan sallar asuba, suna aiki da fitila kafin rana ta fito. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mini cewa sun taɓa yin babban layi.

Yanzu ga inda suka gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Sanda E7018 amfaninta shi ne ƙarancin haidirojin a cikin waldarta, domin haidirojin ne ke haddasa tsagewar da ba ta bayyana sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Rigar wannan sanda tana shan laima daga iska da zarar an buɗe kwalinta, don haka ƙa'ida ita ce a ajiye ta a cikin tanda mai zafin digiri 120 zuwa 150, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. A makon farko na tarar da kwalaye a buɗe a bayan mota, sun kwana a waje kusa da tankin ruwan da ake kwaɓa siminti. Da na yi magana, ɗaya daga cikin manyan ya ce ai hunturu ne, babu laima. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan karon ido bai isa ba, domin waldar ta yi kyau a waje. Da aka ɗauki hoton cikin ƙarfe na mahaɗu ashirin na farko, shida sun nuna ramuka. Na tsayar da aiki kwana uku, aka gurje su aka sake, a kan kuɗin ma'aikatar.

A nan dole in yaba wa dattijon, domin bai yi gardama ba bayan ya ga hotunan da idonsa. Washegari ya kawo tanda daga shago tare da ƙananan gwangwanaye masu ɗumi da kowane mai walda zai ajiye kusa da shi. Sai dai wani kuskuren ya biyo baya: wani yaro, da kyakkyawar niyya, ya zuba har da E6010 a cikin tandar. Ita wannan sanda akasin ƴar'uwarta ce, rigarta tana bukatar ɗan danshi kafin ta yi aiki daidai, idan ta bushe sai wutarta ta rikice rigar ta riƙa ɓarewa. A busasshiyar iskarmu ma kamata ya yi a bar ta a cikin gwangwaninta a rufe har lokacin amfani. An yi asarar kwali biyu. Abin da na fahimta shi ne manyan sun san waɗannan abubuwa, amma ba a zaunar da yara an karantar da su ba, kuma yaran ne suke ɗauko sanda.

Batun takardu shi ne rauninsu na biyu. Ba su zo da rubutaccen tsarin walda ba, wato takardar da ke faɗin irin sanda da ƙarfin wuta da yawan shimfiɗa, kuma takardun shaidar gwanintar masu waldar sun daɗe da ƙarewa. Ƙa'idojin da ake aiki da su a duniya, irin su API 1104 ta bututun mai, da C206 ta ƙungiyar ma'aikatan ruwa ta Amurka wadda ta shafi waldar bututun ruwa a fili, da ISO 9606 ta jarraba masu walda, idan aka haɗa su abin da suke nema shi ne sai an rubuta tsarin, an gwada shi, an kuma gwada mutumin da zai yi shi. Mu muka zauna tare muka rubuta, kowane mai walda ya yi mahaɗar gwaji, aka yanko ɓangarori aka lanƙwasa su a ga ko za su tsage. Mutum huɗu cikin biyar suka wuce, na biyar ɗin aka mayar da shi gurza da ɗauri. Haka kuma sai da na nace kafin suka fara rubuta lamba da alamar mai walda a jikin kowace mahaɗa. Da farko sun ɗauki abin a matsayin rashin yarda, daga baya da hoto ya nuna cewa kurakuran mutum ɗaya ne suke maimaituwa a wuri ɗaya, su da kansu suka ga amfaninsa.

Game da kiyaye lafiya, ban gamsu ba har aka gama. Manyan suna da hular walda da safar fata, amma yaran da ke riƙe maɗauri suna kau da kai ne kawai idan an kunna wuta, kuma sau biyu na ga yaro ya zo da safe idanunsa jajur suna zubar da hawaye saboda hasken da ya ƙona su. Shiga cikin bututu don gyara yaɓen siminti a bayan walda aiki ne mai haɗari, ga zafi ga ƙarancin iska, kuma sai da na hana kafin aka fara sa fanka a baki ɗaya da mutum mai gadi a ɗaya bakin da igiya a hannunsa. Ina jin zafin wannan a raina, domin yaran nan ƴaƴan mutane ne, kuma tabarau mai duhu bai kai kuɗin kwalin sanda guda ba. Wanda zai ɗauki ma'aikatar ya rubuta wannan a cikin kwangila, ya kuma duba da kansa kowace safiya.

Gyaran yaɓen ciki da naɗe mahaɗu daga waje da robar da ake ƙona ta ta kama jiki sun yi su yadda ya kamata, kuma ba su bar a mayar da ƙasa ba sai an zuba yashi mai laushi a kewayen bututun don kada dutse ya yage rigar. Farashinsu yana tsakiyar ukun, kuma ba su nemi ƙari ba sai a kan wurare biyu na lanƙwasar layin da aka sauya bayan an fara aiki, wanda haƙƙinsu ne. Sun wuce wa'adi da kwana goma sha ɗaya, uku na tsayarwar da na yi, sauran na haƙar dutse da ba laifinsu ba.

Ranar gwajin ƙarshe aka cika layin da ruwa, aka bar simintin ciki ya sha ya ƙoshi, aka fitar da iska ta wuraren tudu, sannan aka ɗaga matsin zuwa bar 15, wato ninki ɗaya da rabi na bar 10 da layin zai riƙa aiki da shi. Mun bi mahaɗun da aka bari a buɗe ɗaya bayan ɗaya da hannu da busasshen tsumma. Allurar ma'auni ta ɗan sauka a awa ta farko, hankalina ya tashi, sai aka gano roba ce ta wani bawul ba ta zauna daidai ba. Bayan an ɗaure ta allurar ba ta sake motsi ba, kuma babu mahaɗar walda ko ɗaya da ta jiƙa tsumman.

Saboda haka ga amsata ga masu tambaya. Idan layinku na ƙarfe ne, mai ƴan kilomita kaɗan, a filin da iska da ƙura suke, nesa da wutar lantarki, zan ba ku shawarar walda da sanda, E6010 a tushe da E7018 a sama, kuma zan ba ku shawarar wannan ma'aikata ba tare da ɗar-ɗar ba a kan gwanintar hannu. Sharaɗina uku ne kafin a biya kuɗin farko: a ga tandar sanda a filin aiki tana ci, a jarraba kowane mai walda a gabanku, a kuma ware kuɗin ɗaukar hoton mahaɗu daga wani ɓangare da ba ya ƙarƙashin ma'aikatar. Idan kuwa layin ya kai kilomita goma ko fiye, yawan ma'aikatansu ba zai ɗauka ba, sai dai su zama sashe a cikin babbar ƙungiya mai injinan waya. Na faɗa wa dattijon haka a gabansa ranar da muka rabu, ya ce yana shirin tura ƙaramin ɗansa koyon waya mai hoda a ciki bayan damina, ya kuma roƙe ni in bar masa kwafin tsarin waldar da muka rubuta tare, na ba shi.